Yadda Za A Koya Wa Yara Karatun Taswira Da Gane Hanya

Ina so in ba ku labarin wata kunya da na sha sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare da ke unguwar Dogo Tebo cikin Potiskum, da abin da na tsinta a cikin kunyar. Ina fata wanda za a tura bayana ya koyar da Labarin Ƙasa ya ɗauki darasin, ya bar mini kunyar.

An ba ni aji na 'yan shekara 14 zuwa 16, maza da mata. Na yi mako biyu ina zana musu taswira a allo, har suka haddace alamar gada da ta rijiya da ta hanyar jirgin ƙasa, ina ta jin daɗi. Ran nan, cikin watan Mayu, na fita da su fili da tsakar rana, na kafa sanda, na ce, "Ku duba, inda inuwan nan ta nuna nan ne arewa." Haka na karanta a wani tsohon littafi da aka rubuta a Ingila, tun ina makarantar mishan. Sai wani yaro mai zama a bayan aji, wanda ba ya cin jarrabawa sosai, ya ɗaga hannu ya ce, "Gafarta Malam, ai Gashuwa ba can ta ke ba, tana bayanka." Na tsawata masa, na ce littafi ya fi shi sani. Da yamma na aro kamfas na koma wurin ni kaɗai. Ashe yaro ke da gaskiya, kudu inuwar ta nuna. Daga baya na ji shi ke taya mahaifinsa koro shanu daga ƙauye zuwa kasuwa ran Laraba, tun kafin gari ya waye.

Littafin bai yi ƙarya ba, gama a Ingila inuwar tsakar rana arewa ta ke nunawa kullum. Laifina shi ne na fara da takarda, na manta ƙasar da mu ke tsaye a kai. To, tushen darasin nan ke nan. A fara da abin da ƙafar yaro ta riga ta sani, sa'an nan a kai shi ga takarda.

DON ME ZA A KOYA MUSU?

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala, ga wayar hannu tana nuna wa kowa hanya? Waya abu ne mai kyau, ban raina ta ba. Amma caji ya kan ƙare, ba kuma ko wane yaro ke da ita ba. Yayyenmu sun tuna yadda aka rufe layukan waya a Jihar Yobe daga Mayu zuwa Yuli na 1913 da ɗari, watau 2013, saboda dokar ta ɓaci. Wanda ilminsa ke cikin kansa, ba mai rufe masa shi.

Har wa yau, ɓata ba sai wawa ba. A shekarar 2009 waɗansu masana a Jamus suka sa mutane su yi tafiya miƙe, waɗansu cikin wani kurmi a ƙasarsu, waɗansu cikin Sahara ta Tunisiya. Muddin suna ganin rana sun miƙe sosai. Da gajimare ya rufe ta, sai suka yi ta kewaya wuri guda, suna tsammani gaba su ke ci. Yaron da ya je itace ko kiwo, ƙurar hunturu ta rufe shi, irin wannan ke samunsa.

Kada kuma yara su ɗauka wannan ilmin Turawa ne. Fataken da su ke zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu, suna da jagaba mai shigewa gaba, wanda ya san ko wace mashaya da ko wane zango. A shekarar 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Kyaftin Clapperton taswirar ƙasashen nan a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. In ka gaya wa aji wannan, za ka ga sun gyara zama. Bayan haka akwai jarrabawar WAEC, wadda karatun taswira ke cikinta ga mai ɗaukar Labarin Ƙasa.

DARASI NA FARI: ZANE A ƘASA

Kada ka shiga da littafi. Fita da yara ƙarƙashin darbejiya, a share wuri mai yashi. Ɗora dutse guda ka ce, "Ga makarantarmu." Sa'an nan kira yaro ɗaya ya ɗauki kara ya zana hanyar da ya biyo daga gida da safe, ya sa tsakuwa a wurin famfo, ya sa ganye a wurin bishiya, ya sa murfin kwalba a wurin masallaci ko coci. Wani ya zo ya ƙara tasa hanyar. Nan da nan gardama za ta tashi, wannan ya ce lungun ya fi haka tsawo, wancan ya ce injin niƙa ba nan ya ke ba. Kada ka kashe gardamar, ita ce darasin.

Da sun gama, ka tambaye su, "In baƙo ya zo, yaya zai san tsakuwa famfo ce?" Su da kansu za su ce sai an rubuta masa a gefe. To, sun gano mabuɗin taswira ke nan ba ka faɗa ba. Ka kuma nuna musu cewa mai taswira ya kan ga gari kamar yadda shirwa ke ganinsa daga sama, don haka ɗaki ba shi da ƙofa ko taga, sai fasalin rufinsa. A ƙarshe kowa ya kwafe zanen a littafinsa.

DARASI NA BIYU: KUSURWOYI HUƊU

Mu a Potiskum mun yi sa'a, hanyoyin mota sun raba mana kusurwoyi. Damaturu na gabas, Azare na yamma, ko wace kuwa misalin kilomita 100 daga nan. Gashuwa na arewa. Fika na kudu maso gabas, Bauci na kudu maso yamma. Da wannan za ka fara, gama yaron da ya taɓa zuwa tasha ya san su. Daga nan sai alamun sama.

Rana. Mu kan ce rana na fitowa gabas, amma sau biyu kaɗai a shekara ta ke fitowa gabas sosai, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A watan Yuni ta kan karkata arewa da misalin digiri 24, a Disamba ta karkata kudu da kamar haka. In ka miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen misalin digiri 10 ne, watau karkatar ta fi dunƙule biyu. Mai tafiyar kilomita 10 da wannan kuskure zai kauce da wajen kilomita 4.

Inuwa. Potiskum na kan digiri 11 da minti 43 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka rana ta kan tsaya daidai bisa kanmu wajen 20 ga Afrilu, ta wuce arewa da mu, ta komo wajen 23 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tsakar rana kudu ta ke nunawa, sauran watanni kuwa arewa. Sanda mai tsawon mita 1 za ta yi inuwar santimita 21 wajen kudu ran 21 ga Yuni, ta yi ta santimita 70 wajen arewa ran 21 ga Disamba. Nan ne na faɗi. Tsakar ranar ma ba ƙarfe 12 daidai ba ce a nan, tana tsakanin 12 da 12 da rabi, gwargwadon wata.

Ga dabarar da ba ta ƙarya ko wane wata. A kafa sanda miƙaƙƙiya a wuri mai baje. Da hantsi, misalin ƙarfe 10, a sa tsakuwa a bakin inuwa. A ɗaura igiya a gindin sandar, a ja da'ira wadda ta bi ta kan tsakuwar. Inuwa za ta gajarta, ta sake tsawo. Sa'ad da bakinta ya sake taɓa da'irar, wajen ƙarfe 2 da rabi, a sa tsakuwa ta biyu. Ta fari yamma ce, ta biyu gabas. Yaro ya ɗora ƙafar hagu a kan ta fari, ta dama a kan ta biyu, to, arewa ya ke fuskanta. A shafa wa layin farar ƙasa ya zauna a filin makaranta.

Alƙibla. Yaranmu Musulmi sun fi ni sanin wannan, sun kuwa taimake ni ƙwarai. A bakin jama'a a kan ce an fuskanci gabas, amma daga Potiskum Makka na kan digiri 67 daga arewa, watau ta karkata daga gabas zuwa arewa da digiri 23, kusan inda rana ke fitowa a watan Yuni. Wanda ya fuskanci alƙibla daidai, gabas sosai tana damansa da dunƙule biyu da ɗan kai.

Iska. Ta hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa. Ta damina daga kudu maso yamma, amma babban hadari ya kan taso daga gabas. Iska shaida ce, ba alƙali ba, sai an haɗa ta da wata alama.

Taurari. Wannan aikin gida ne, kowa ya duba daga tsakar gidansu, ya tambayi kakanninsa sunayen da suka sani. Zara, wadda a ke gani yamma bayan magariba, da Gamzaki na asuba a gabas, abu guda ne, lokaci ne ya bambanta. Da sanyi, Kaza da 'ya'yanta ta kan fito da almuru, bayanta kuma waɗansu taurari uku a jere, su kuwa gabas sosai su ke fitowa, yamma sosai su ke faɗuwa. Tauraruwar Arewa ba ta gusawa daga wurinta, amma a nan ƙasa ƙasa ta ke, dunƙule guda da ɗan kai bisa doron ƙasa, ba ta kuwa da haske sosai, ƙura ko bishiya na iya ɓoye ta. Daga Maris zuwa Yuli a neme ta da taurari bakwai masu kama da ludayi. Biyun da ke bakin ludayin su ke nuna ta, a auna ratar da ke tsakaninsu sau biyar.

DARASI NA UKU: TAKI DA MA'AUNI

Auna mita 100 a filin wasa. Ko wane yaro ya yi tafiyarsa ta kullum a kai sau uku, yana ƙirga duk sa'ad da ƙafar dama ta taka ƙasa. Ya haɗa ukun ya raba da uku, ya rubuta abin da ya samu a bangon littafinsa. Wannan ma'auninsa ne, ba ya aro, ba ya mantuwa da shi a gida. Yashi da gajiya su kan rage tsawon taki, a gwada musu wannan su gani.

Misali, yarinya ta sami 65. Daga ƙofar makaranta zuwa famfo ta ƙirga 260. In an raba 260 da 65 an sami 4, watau mita 400. In aji ya yarda santimita 1 a takarda ta tsaya a madadin mita 50 a ƙasa, sai ta ja layi mai santimita 8. Yanzu su koma kan zanensu na darasin fari su gyara shi da rula, su sa kibiyar arewa a sama. Gardamar tsawon lungu ta mutu, taki ya raba ta.

DARASI NA HUƊU: TASWIRAR GWAMNATI DA KAMFAS

Sai yanzu za ka fito da taswirar da aka buga. Wadda aka fi amfani da ita a makarantu ita ce mai ma'aunin 1:50,000, watau santimita 2 kilomita 1 ce. Tambaye su tsawon takardar da za ta ɗauke mu daga nan zuwa Damaturu. In suka lissafa suka sami mita 2, sun gane ma'auni. Ka sa su duba shekarar da ke gindin takardar. Da yawa daga cikin taswirorin nan an zana su ne daga hotunan jirgin sama na wajen 1950 zuwa 1970, tun kafin a yi Jihar Yobe a 1991. Inda suka nuna gona, yau unguwa ce. Dutse da kwari ba su tashi, amma gari ya kan yi girma, hanya ta kan sake.

Layukan da suka gitta juna a kan taswira, ka kwatanta su da gurabun dara. Ko wane gurbi yana da lamba. A fara karanta lambar da ke gindin takarda daga hagu zuwa dama, sa'an nan ta gefe daga ƙasa zuwa sama.

Layukan tsayi su suka fi ba yaranmu wuya, don ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ko da ya ke ta fi mita 400 bisa teku. Ka kife ƙwarya cikin daro, ka zuba ruwa kaɗan, ka zagaye bakin ruwan da alli a jikin ƙwaryar. Ƙara ruwa daidai na fari, sake zagayewa, har ta kusa nutsewa. Yara su leƙa daga sama. Inda layuka suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, inda suka ware sauƙin hawa ne. Wanda ya taɓa ganin dutsen Daniski a ƙasar Fika ya ba sauran labari. A lura, tsofaffin taswirori da ƙafa su ke ba da tsayi, ba da mita ba.

In makaranta ba ta da kamfas, a yi na gida. A goga allura a jikin maganaɗisun tsohuwar rediyo sau da yawa, ta fuska guda. A ɗora ta a kan ɗan ganye cikin ƙwaryar ruwa, za ta juya ta tsaya arewa da kudu. Layin farar ƙasan nan na fili shi zai nuna wane baki ne arewa. Ko na gida ko na kanti, a nisanta shi daga kwanon rufi, da babur, da waya, da turken lantarki, gama ƙarfe na ruɗa shi. A yankinmu yanzu bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya bai kai digiri 2 ba. Wanda aka rubuta a gefen tsohuwar taswira na zamaninta ne, ya kan sake da shekaru.

Abu uku za ka nace a kai. Na ɗaya, kafin kome a juya takarda har arewarta ta dace da arewar ƙasa, yaro ya ɗora babban yatsa a inda ya ke tsaye. Na biyu, in za a miƙe, a zaɓi wata bishiya can gaba a kan layin, a je gare ta, a sake zaɓen wata. In za a komo, a ƙara 180 a kan lambar da aka tafi da ita, ko a rage 180 in ta fi haka. Wanda ya tafi a kan 70 zai komo a kan 250. Na uku, in ana neman rijiya a bakin hanya, kada a nufe ta kai tsaye, don in aka iso hanya ba a gan ta ba, ba a san ko dama za a bi ko hagu ba. A karkata dama da gangan, in an iso hanya a juya hagu.

RANAR FITA

Wannan ce ranar da yara ke jira, ita ce kuma mai hatsari ga malami. Ka nemi izinin hedimasta da na iyaye a rubuce. Ka gai da mai unguwa, ka sanar da jami'an tsaro inda za ku da sa'ad da za ku komo. Ka bi hanyar kai kaɗai tun jiya. Kada ta wuce kilomita 3, kada kuma ta yi nisa da gari. A fita da sassafe, gama zafin bazara a nan ya kan wuce digiri 40. Kowa da gorar ruwa da takalmi, ba mai sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda kububuwa, ba mai taka shukar mutane. In da 'yan mata, a tafi da malama.

Raba su biyar biyar. Ɗaya ya riƙe taswira, ɗaya kamfas, biyu su ƙirga taki, ɗaya ya riƙa waiwaye yana rubuta alamu, domin hanya ta kan sake kama in an juyo. A ko wane zango su yi musayar aiki. Ka ƙirga su a farko, ka ƙirga su a ko wace tsayawa. Dokar wanda ya ɓata ita ce ya tsaya cik, ya nemi inuwa, ya tuna wurin ƙarshe da ya tabbata da shi, ya yi kira. In ya ga manomi ko makiyayi ya yi sallama ya tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Kashegarin ranar da na aro kamfas, na tsaya gaban aji na ce na yi kuskure, na kira yaron nan ya nuna mana kusurwoyi huɗu. Ban ga girmana ya ragu ba. Ranar fita shi na sa jagaba, ya kai mu ya komo da mu bai ko dubi takarda ba. Amma da aka ce ya zana hanyar domin baƙo, sai ya kasa, wata yarinya mai iya lissafi ta zauna ta koya masa ma'auni. Shi yana da ƙasa, ita tana da takarda. Aikin malami ya ga kowa ya tashi da duka biyu.

Ga tambayoyi uku da za ku gwada kanku da su kafin ku gwada yara:

1. Ran 1 ga Yuli da tsakar rana, ina inuwarka za ta nuna a filin kwalejin nan?
2. Ƙauyuka biyu na da ratar santimita 7 a taswira mai ma'aunin 1:50,000. Kilomita nawa ke tsakaninsu?
3. Taki nawa ka ke yi a mita 100?

Wanda bai san amsar ta uku ba, ya ajiye mujallan nan ya fita fili. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar 'ya'yan mutane, amin.